Kirsimeti na ƙaratowa, ni kuwa bakina ya mutu a gaban Allah

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙo a sakaya sunana.

Shekarata tara da aure. Bakwai daga ciki mun yi su ne muna roƙon Allah haihuwa, babu irin azumi da addu'ar dare da ba mu yi ba. Bara Allah ya ba ni ciki. Ranar 19 ga Disamba, cikin yana wata takwas, na ji yaron ya daina motsi. Muka je asibiti aka ce babu rai. Namiji ne. Na haife shi, ban ji kukansa ba.

Tun daga ranar na kasa yin addu'a. Kullum da asuba maigidana yana tashina mu yi sujadar safe. Ina durƙusawa kusa da shi, leɓɓana suna motsi, in ya ce amin in ce amin, amma cikina wayam. Bai sani ba. Shi addu'arsa ƙaruwa ma ta yi, sai dai ko sau ɗaya bai taɓa ambaton yaron ba. Ran nan na ce masa da yanzu ya fara rarrafe, sai ya ce, “Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, kada mu yi gunaguni,” ya tashi ya fita. Surukata kuma ta ce in yi azumin kwana bakwai, wai wataƙila akwai abin da ya toshe mini hanya.

Yanzu ga shi an shiga Adbent, makonnin jiran Kirsimeti da ake kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi. Shugabar zumuntar mata ta rubuta sunana in jagoranci addu'a a mako na uku, ta ce shaidata za ta ƙarfafa mata. Ranar Lahadi da aka kunna kyandir na farko sai na ji numfashina ya ɗauke, na fita na zauna a waje har aka tashi. Na san abin da ke gaba: cikin Alisabatu, cikin Maryamu, jariri a komin dabbobi. Mama, na yi ridda ne? Durƙuson da nake yi munafunci ne? In faɗa wa maigidana gaskiya? Jagorancin nan in karɓa ko in ƙi?

'Yarki cikin Ubangiji

'Yata, sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ke da maigidanki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun na tsaya a inda kika ce “namiji ne”, don jikina ya ba ni cewa shekara guda ke nan ba wanda ya zauna ya bar ki kika faɗi ko da waɗannan kalmomi biyu. To ni na ji. Kin ɗauki ɗa wata takwas, kin san lokacin da yake shure-shure da lokacin da yake lafawa, kin yi naƙudarsa. Ke uwa ce da ta yi rashin ɗa. Duk abin da zan faɗa miki a kan wannan zan ɗora shi.

Bari in fara da tambayar da ta fi cin ranki. Ba ki yi ridda ba. Wanda ya juya wa Allah baya ba ya kwana yana juyi don ya kasa yi masa magana, ba ya kuma rubuto wasiƙa yana kuka a kan haka. Abin da ya same ki sunansa makoki. Shekara bakwai kina zuba ƙarfinki duka a roƙo ɗaya, aka ba ki, kina cikin murna aka karɓe, saura kwana shida Kirsimeti. Zuciya ba ta da ƙashi. Yaron da wuta ta ƙona ko toka ya gani sai ya janye hannu, haka bakin da ya yi roƙo ya ƙare da kabari yake tsoron sake buɗewa. Ina kuma zaton akwai fushi a ƙarƙashin shirun nan, ko da yake ba ki ambata ba. In akwai, kada ki firgita. Ki buɗe Zabura. Guda 150 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara. Zabura 13 ta tambayi Allah “har yaushe” sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 kuwa ko juyowa ga yabo ba ta yi ba, da kuka ta fara da duhu ta rufe, kuma ba wanda ya cire ta daga Littafi Mai Tsarki. Mutanen Allah sun rera ta a sujada tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Sai batun Adbent, wanda kike gani kamar an shirya shi don a tsokane miki ciwo. Na gane dalili. Tun daga farkon Disamba waƙoƙi da kwalliya sukan sa mutum ya ɗauka Kirsimeti ce aka fara da wuri. Asalin lokacin ba haka yake ba. Kalmar daga Latin take, ma'anarta zuwa ko isowa, kuma wanda ake cewa yana zuwa ai bai iso ba tukuna. Lahadi huɗu ne kafin Kirsimeti, na farkon yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, da shi kuma shekarar ikkilisiya take farawa a majami'un da suke bin wannan tsari. Da azumi aka san shi tun farko. A ƙarni na 5, bishop ɗin birnin Tours a ƙasar da yanzu ake kira Faransa ya sa jama'arsa azumin kwana uku a mako daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti, ikkilisiyoyin Otodoks kuma har yau suna azumin kwana 40 kafin bikin haihuwar. Shi ya sa za ki ga launin shunayya a bagade, irin wanda ake sawa a lokacin azumin da ke gaban Ista. A Katolika ma ba a rera waƙar ɗaukaka ta mala'iku a Lahadin nan huɗu, ana ajiye ta sai daren Kirsimeti. Ikkilisiya da kanta takan riƙe bakinta daga wata murna, ta jira.

Ki lura da karatun da ake yi a majami'un da ke bin jadawali. Lahadi na farko ba a maganar jariri, maganar zaman tsaro ake da dawowar Ubangiji, wata shekarar a haɗa da kukan Ishaya 64, inda annabi yake cewa da ma Allah zai tsaga sammai ya sauko. Wannan kukan mutumin da ya gaji da shirun sama ne. Lahadi na biyu da na uku na Yahaya Maibaftisma ne. Sai a na huɗu ake zuwa ga Maryamu da Yusufu. Mako na ukun da aka ba ki, shi ne ake kira Lahadin farin ciki, saboda ayar Filibiyawa 4:4. Amma kin san abin da ake karantawa a ranar sau ɗaya cikin shekara uku? Matiyu 11, inda Yahaya yake kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko kuwa a sa ido ga wani. Mutumin da ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, shi ne yake wannan tambaya da duhu ya rufe shi. Yesu bai kira shi mai ridda ba. A wannan sura ce ya ce cikin waɗanda mata suka haifa ba a yi wanda ya fi shi ba.

Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta tsare ta kuma kashe a 1945, ya rubuta wa abokinsa daga kurkuku a Nuwamban 1943 cewa ɗakin kurkuku ya yi kama da Adbent: mutum yana jira, yana sa zuciya, yana 'yan ƙananan abubuwa, amma ƙofar a kulle take, daga waje kaɗai ake iya buɗe ta. Tun da na san wannan magana na daina ganin Adbent kamar lokacin masu ƙarfin bangaskiya. Na masu hannu wofi ne. A cikin majami'arku kaf, wataƙila ba wanda yake riƙe da ainihin lokacin nan kamar ke da kika fita kika zauna a waje.

Ba zan ɓoye miki ba, labarin Alisabatu, wadda ta haifi Yahaya Maibaftisma da tsufanta, zai zo, zai kuma yi zafi. Akwai masu ce miki yadda Allah ya yi wa Alisabatu haka zai yi miki. Ni ba zan faɗa ba, don ba a ba ni wannan alkawari in kawo miki ba, kuma wani ɗan ba ya maye gurbin wanda ya tafi. Abin da nake so ki duba a Luka 1 shi ne mijinta Zakariya. Mala'ika ya ce masa an ji addu'arsa, a lokacin da tsufa ya kama shi da matarsa, ya kasa gaskatawa, aka rufe masa baki har ranar da aka sa wa yaron suna. Horo ne, ba na musu. Amma firist ne fa, aikinsa ke nan buɗe baki a gaban Allah, ga shi watanni yana bebe, aikin Allah kuwa bai tsaya ko na yini ɗaya ba. Ki kuma tuna labarin Kirsimeti da kansa yana ɗauke da kukan uwaye. Matiyu 2 ya kawo Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta, ta ƙi ta'azantuwa don ba su. Ikkilisiyoyi da yawa suna tunawa da yaran Baitalami da Hirudus ya kashe ranar 28 ga Disamba, kwana uku kacal bayan bikin. Ba a share uwaye irinki daga labarin ba, mu ne muke tsallake shafin don kada ya ɓata mana biki.

Kin tambaya ko durƙusonki munafunci ne. Munafuki yana yi ne don mutane su yabe shi. Ke kina kai jikinki inda zuciyarki ta kasa zuwa, wannan kuwa aminci ne. Ki tuna shanyayyen nan na Markus 2, wanda mutum huɗu suka ɗauko suka zuraro ta rufin ɗaki. Ba a rubuta ya ce uffan ba. An ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Shekara guda ke nan addu'ar maigidanki tana ɗauke da ke kamar tabarmar nan, ba laifi ba ne a ɗauki mutum in ƙafa ta gaza. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Abin da yake cin ki a ciki, a ganina, ɓoyon ne. Kina durƙushe kafaɗa da kafaɗa da mutum, kowannenku yana riƙe da sirrinsa.

Don haka e, ki faɗa wa maigidanki. Amma kafin nan bari in ɗan tsaya masa, don ina jin kin fara karanta shirunsa kamar rashin damuwa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mutumin da addu'arsa ta ninka bayan rashi, wanda ba ya iya furta zancen yaron, wanda ya tashi ya fita da kika ambaci rarrafe, wannan ba mutumin da ya manta ba ne. Ina kyautata zaton fitar da ya yi don kada ki ga idonsa ne. Shi ma shekara bakwai ya jira. Ranar da abin ya faru, ke aka kewaye, shi aka ce wa ya yi ƙarfin hali ya kula da ke, ya sa hannu a takardu, ya amsa waya, ya sanar da dangi. Wataƙila ba wanda ya ce masa sannu irin ta wanda ya yi rashi. Ke makokinki ya rufe miki baki, shi nasa ya hana shi yin shiru, don in ya yi shiru abin zai taso. Wannan bai wanke shi daga kuskure ba. Ayar da ya jefa miki ta Ayuba 1:21 gaskiya ce, amma ya tsaya a sura ta ɗaya. A sura ta uku wannan Ayuban ne ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta kai ƙara sura bayan sura, a ƙarshe kuma Allah ya ce shi ne ya faɗi daidai, abokansa masu wa'azi ne suka yi kuskure. Kuka ba gunaguni ba ne.

Kada ki tayar da zancen a lokacin sujadar safe, ko yana shirin fita. Ki nemi dare mai natsuwa, ku biyu, waya a ajiye. Ki fara da kanki, kada ki fara da laifinsa. Wani abu kamar haka: “Akwai abin da na ɓoye maka shekara guda. Tun ranar da muka rasa yaronmu ban iya addu'a ba. Ban bar Allah ba, bakina ne ya mutu. Ba wa'azi nake nema ba, so nake ka sani, kuma so nake mu riƙa maganar ɗanmu.” Daga nan ki yi shiru ki ba shi fili. Zai iya kawo aya, don ita ce garkuwarsa. Zai iya tashi ya fita kamar ran nan. Kada ki ɗauka magana ta mutu, wasu mazan sai bayan kwana biyu suke dawowa da amsa. In kin san bakinki ba zai iya ba, rubuta masa a takarda ki ajiye inda zai gani shi kaɗai. In kuma kin gwada sau biyu ƙofa ta ƙi buɗuwa, ku nemi mutum na uku da yake girmamawa, fasto ko fada, ko wasu dattawan ma'aurata da suka taɓa binne ɗa. Irin waɗannan suna nan a kowace ikkilisiya, ba sa dai yawan magana. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai kowace shekara a duniya. In kin ɗaga ido ranar Lahadi, cikin matan da ke rera waƙa akwai waɗanda suka bi ta wannan hanya.

Ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami game da sujadar safe: bayan ya gama addu'arsa, ku yi minti biyu shiru, hannunki cikin nasa, ba wanda zai ce komai. Wannan ne rabonki a sujadar, kuma ba na ƙarya ba ne.

Ke kaɗai kuma, ga abin da nake ba ki shawara daga yau har Kirsimeti. Kada ki ɗora wa kanki alkawarin karanta sura kaza ko tashin tsakar dare. Kin san kyandirorin nan da suka kore ki waje? Wani fasto a birnin Hambag na Jamus, Johann Hinrich Wichern, shi ya fara su a 1839 a gidan da yake renon yara marasa galihu. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ya jera kyandirori a kai, ƙanana na ranakun mako, manya na Lahadi, kullum a kunna ɗaya. Don yaran da jira ya yi wa tsawo aka yi su. Ki sami kyandir ɗaya naki. Da yamma ko da asuba, lokacin da gida ya yi tsit, ki kunna, ki zauna minti biyar. Ba sai kin durƙusa ba. Ki karanta Zabura 130 a hankali, ayoyi takwas ne kawai. In ta yi miki yawa, ki riƙe addu'ar da ke ƙarshen Littafi Mai Tsarki, “Zo, ya Ubangiji Yesu.” Ita ce addu'ar Adbent tun asali. Ranar da ko wannan ta ƙi fita, ki ce, “Ga ni,” ki zauna har minti biyar ɗin su cika, ki hure kyandir. In fushi ya taso, ki faɗe shi yadda yake. In hawaye ne, ki bar su. In ba ki ji komai ba, gobe ki dawo. Ranar da kika tsallake, ba bashi ba ne, kada ki ce za ki rama.

Na zaɓar miki Zabura 130 ne saboda aya ta shida, inda mai zabura ya ce ransa yana jiran Ubangiji fiye da yadda masu tsaro suke jiran safiya, har ya maimaita. Na taɓa jinyar mahaifiyata a asibiti, dare bayan dare a kan kujerar roba, baya yana ciwo, ƙarar na'ura a kunne. Ni da nake koya wa mata addu'a, a makonnin nan ko Addu'ar Ubangiji ba na iya kaiwa ƙarshe, sai in tsinci kaina ina ƙirga ɗigon ruwan da ke sauka a robar hannunta. Akwai wata 'yar taga sama da gadon. Abin da nake yi ke nan, kallonta, har baƙin ya fara komawa toka-toka. A nan na gane mai gadi ba shi yake kawo safiya ba, ba ya kuma jawo ta da ƙoƙarinsa. Aikinsa kada ya bar bakin ƙofa. Mahaifiyata ba ta tashi ba, kuma na daɗe kafin bakina ya dawo. Da ya dawo ma, ba irin na da ba ne, kalmomin sun ragu ƙwarai.

Surukarki kuwa, jika ta rasa, kuma tana tsoro saboda ɗanta. Mutum in ya rasa abin yi sai ya nemi abin da za a yi, azumin da ta kawo ke nan. Ki karɓi ƙaunar, ki ajiye maganar. Cewa wani abu ya toshe miki hanya yana ɗora laifin a kanki ne a fakaice, Yesu kuwa ya rufe wannan ƙofa a Yahaya 9, da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Likitoci ma sau da yawa ba sa gano dalilin mutuwar jariri a ciki ko bayan bincike. Azumi abu ne mai kyau, Adbent ma da shi aka san shi kamar yadda na faɗa, amma ba kuɗin fansa ba ne da ake biyan Allah, kuma azumin kwana bakwai ga macen da baƙin ciki ya riga ya rage mata ci da barci, ban yarda da shi ba. Ki ce mata, “Mama, na gode, ki ci gaba da sa ni a addu'a.” Sauran bayanin aikin ɗanta ne. Bayan kun yi magana da shi, ki roƙe shi ya gaya mata da bakinsa cewa kada a sake ɗora miki wannan zance.

Jagorancin mako na uku, ra'ayina ki ƙi shi bana. Shugabarku da kyakkyawar niyya ta yi, wataƙila ma tana ganin hanyar jawo ki cikin mutane ce, tana kallon yadda kike zuwa sujada ba fashi ta ɗauka kin warke. Ba ta san abin da ke ciki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ranar da aka sa ki tana dab da cikar shekarar rashin, kuma shaidar da take so ki bayar ba ki da ita tukuna. In kika tsaya kika ce Allah ya share miki hawaye alhali bai share ba tukuna, a nan ne munafuncin da kike tsoro zai shigo, kuma wata mai irin ciwonki a cikin taron za ta koma gida tana cewa ita ce mai ƙaramar bangaskiya. Ki same ta ita kaɗai tun yanzu, don ta sami lokacin neman wata. Ba sai kin zazzage mata komai ba: “Mama, makon nan ne ɗana yake cika shekara, ba zan iya tsayawa gaba ba. A ba wata, ni a yi mini addu'a.” In kina so ki sa hannu ko kaɗan, ki karɓi karatun Nassi kawai, ki zaɓi Ishaya 40 ko Zabura 130, ki karanta ki zauna. In kuwa bayan kin yi tunani kin ji ke da kanki kina so ki yi magana, to ki faɗi gaskiya tsirararta, cewa kina cikin jira kuma ba ki ga safiya ba. Amma don kina so, ba don an rubuta sunanki ba.

Ranar 19 ga wata kada ki bari ta zo ta same ku ba shiri. Ku yanke tun yanzu abin da za ku yi, ko da ƙarami ne: ku ɗauki hutun yinin in zai yiwu, ku je inda aka sa shi in kun san wurin, ko ku kunna kyandir ɗin ku biyu ku karanta zabura ɗaya. In akwai kayan da kika tanada masa suna nan a ɓoye, ba dole ki taɓa su bana ba, ba dole kuma ki ci gaba da ɓoye su ba. Lahadi na huɗu da ranar Kirsimeti, ki zauna kusa da ƙofa tare da wata da ta san halin da kike ciki. In abin ya taso ki fita, ta bi ki, in ya lafa ku dawo. In kin ga sujadar da ta fi cika da hayaniya ta fi ƙarfinki, ki je wadda ba ta da cunkoso.

Abu ɗaya kuma da ba zan bari ya wuce ba. Numfashin da kika ce ya ɗauke, da wayam ɗin da kike ji shekara guda, suna iya zama makoki kawai, suna kuma iya zama ciwon damuwa, wanda yakan kama mata da yawa bayan irin wannan rashi. In barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko ba abin da yake miki daɗi makonni a jere, ki ga likita ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Zuwa wurin likita ba ya rage bangaskiya, Luka da ya rubuta mana labarin Zakariya da Maryamu ai likita ne. In kuwa tunanin cewa gara ki bi yaron ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, a ranar ki gaya wa maigidanki ko wata da kika amince da ita, a kai ki asibiti.

Ba ki faɗa mini ko kun sa masa suna ba. In ba ku sa ba, lokaci bai wuce ba, kuma wataƙila wannan ce tambayar da za ta buɗe bakin babansa. Ki sake rubuto mini bayan Kirsimeti, ko bakin ya dawo ko bai dawo ba. In kin rubuto, ki gaya mini sunan.